Digirin harsunan Kelt: Wales, Sikotland, Ayaland, Cambridge ko Faransa?

Ɗalibin da ya ga “nazarin Kelt” a jerin kwasa-kwasan jami'o'i zai ɗauka abu ɗaya ne a ko'ina. Karatu iri uku ne suke amsa wannan suna, kuma wanda ya shiga ɗaya yana zaton ɗayan ne ba ya ganewa sai ya riga ya biya kuɗin shekara. Na farko koyon harshe mai rai ne, har mutum ya iya hira da shi, ya rubuta wasiƙar ofis, ya saurari rediyo. Na biyu karanta rubuce-rubucen hannu ne na wajen ƙarni na 8 zuwa na 15, da tsohon salon harshe wanda babu mai magana da shi yau. Na uku tarihi ne da adabi da al'adu a fassarar Turanci, wanda ana iya gama shi ba a haɗa jimla ɗaya da harshen mutanen ba. Kowace jami'a da ɓangaren da ta fi ƙarfi a kai. Saboda haka sai an tsayar da irin karatun da harshen kafin a zaɓi gari.

Harsunan Kelt da suka rage shida ne, a gida biyu. Gida ɗaya ya ƙunshi Airishanci, da Galikancin Sikotland, da Manks na tsibirin Man. Ɗayan ya ƙunshi Welshanci, da Biretonanci na yankin Bretagne a Faransa, da Konish na kudu maso yammacin Ingila. Gidajen biyu ba sa jin juna. Ɗa namiji “mac” ne a Airishanci, “mab” a Welshanci. Kai, wato na jiki, “ceann” ne a Airishanci, “pen” a Welshanci. Wanda ya iya Airishanci zai kama Galikanci da sauri, amma Welshanci sai ya faro daga tushe. Manks da Konish harsuna ne da aka farfaɗo da su; Ned Maddrell, mutum na ƙarshe da ya tashi da Manks tun a gida, ya rasu a 1974. Kada kowa ya gina shirinsa na digiri a kansu. Abin da ake samu ɗan darasi ne ko batun kundin bincike.

Yawan masu magana yana da muhimmanci, don shi ne zai nuna ko za ka ji harshen a wajen aji. A ƙidayar 2021 mutum 538,300 a Wales suka ce suna iya Welshanci, wato kashi 17.8 cikin ɗari. A Ayaland, a ƙidayar 2022, mutum sama da miliyan 1.8 suka ce suna iya Airishanci, amma waɗanda suke amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba. A Sikotland a 2022, mutum wajen 130,000 ne suke da wani abin taɓawa a Galikanci, masu iya magana da shi kuwa wajen 70,000. Ko daga nan an ga inda ɗan koyo zai fi samun abokin hira.

Inda ɗalibai suke tuntuɓe

Wahalar farko ɗaya ce a dukkan harsunan: baƙin farkon kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi. Kyanwa a Welshanci “cath” ce. Kyanwata “fy nghath”, kyanwarsa “ei gath”, kyanwarta “ei chath”. Lura cewa “ei” ɗaya ce a biyun ƙarshe, sauyin baƙin ne kaɗai yake nuna na miji ne ko na mace. Airishanci ma haka: jirgin ruwa “bád”, nasa “a bhád”, nata “a bád”, nasu “a mbád”. Abin da yake faruwa shi ne ɗalibi ya ga “nghath” a takarda, ya buɗe ƙamus a harafin n, ya rasa, ya ɗauka kalmar ce babu. Maganinsa haddace jadawalin sauyin tun a makonnin farko, gaba da baya, yadda in ka ga kalma a sauye za ka mayar da ita asalinta kafin ka taɓa ƙamus. Welshanci yana da sauyi iri uku, Airishanci manya biyu. Wanda ya bar wannan sai zango na biyu zai ga karatun adabi ya tsaya masa cak.

A rubutu Welshanci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yadda aka rubuta haka ake furtawa, da zarar an san sautin “ll” da “dd” da “ch”, aka kuma san cewa w da y suna aikin wasali. Airishanci da Galikanci kuwa kowane baƙi yana da furuci biyu, mai kauri da siriri, kuma wasalin da yake gefensa ne yake nuna wanne, don haka za ka ga wasula da yawa da ba a furtawa. Kunne ne zai koya maka wannan, littafi kaɗai ba zai isa ba.

Tsohon Airishanci kuwa wani dutse ne daban, kuma a nan ne masu son karatu iri na biyu suke gwada kansu. Aikatau ɗaya yana sauya kama gaba ɗaya idan wani ɗan harafi ya gabace shi: “do-beir” yana bayarwa, “ní tabair” ba ya bayarwa, “as-beir” yana faɗa, “ní epir” ba ya faɗa. Babu yadda za ka yi hasashen na biyu daga na farko sai ka san dokokin nauyin gaɓa da suka haifar da shi. Mafi tsufan shaidu masu yawa ƙananan bayanai ne da malaman coci suka rubuta tsakanin layukan littattafan Latin a ƙarni na 8 da na 9, waɗanda suke ajiye a Würzburg da Milan da St Gallen. Mai sha'awar wannan fanni ya tanadi aƙalla awa ɗaya kullum ta haddar sigogi, ya kuma ɗan taɓa Latin. Welshancin tsakiyar zamani bai kai haka tsauri ba. Wanda ya iya na yau zai fara karanta labaran Mabinogi, tsofaffin hikayoyin Wales, da taimakon ƙamus ba da jimawa ba.

Wales

In harshe mai rai ake nema, kuma mutum bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba, Wales ce a gaba a ganinmu. Digiri shekara uku ne, kuma sassan Welshanci sun saba raba ɗalibai gida-gida: waɗanda suka tashi da harshen, waɗanda suka koya a sakandare, da 'yan koyo. Tsarin 'yan koyo yakan ƙara shekara guda ta zallar harshe a farko. Kada a ga wannan shekara kamar asara, domin bayanta laccoci da jarrabawa da rubutun aiki duk da Welshanci suke tafiya.

Aberystwyth da Bangor su ne zaɓi biyu na gaske. Aberystwyth, wadda aka kafa a 1872, ita ta fi faɗi: sashenta ya daɗe yana haɗa Welshanci da Airishanci da Biretonanci a wuri ɗaya, don haka mai son kwatanta gidajen biyu nan ne wurinsa. Babbar gatarta kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa na Wales, wanda yake kan tudu ɗaya da jami'ar, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. A ciki akwai Baƙin Littafin Carmarthen na wajen 1250 da Farin Littafin Rhydderch na wajen 1350. Ɗalibin shekarar ƙarshe da yake rubuta kundi ba ya buƙatar kuɗin jirgin ƙasa kafin ya kai ga kayan aikinsa. Bangor, ta 1884, ba ta kai Aberystwyth faɗin harsuna ba, amma tana cikin gundumar Gwynedd, inda kashi 64 cikin ɗari suke Welshanci, alhali a Ceredigion ta Aberystwyth wajen kashi 45 ne. Daga Bangor ɗan gajeren hawan bas ne zuwa Caernarfon, garin da ake ciniki da gaisuwa da faɗa duk da Welshanci. Kowacce tana da ɗakin kwanan ɗalibai na masu harshen, Pantycelyn a Aberystwyth da John Morris-Jones a Bangor. Ɗan koyon da ya samu gado a ɗayansu yakan wuce tsaransa da suka zauna cikin masu Turanci, saboda a kicin da falo ake koyon abin da aji ba ya bayarwa. A nemi wurin tun lokacin cike takardar masauki, a kuma faɗi gaskiyar matakin da ake.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko tazara tsakanin harshen littafi da na baki: “ni ne” ko “ina” a adabi “yr wyf” ne, a titi “dw i”. Wanda ya tsaya ga littafi zai ci jarrabawa ya kasa fira a shago, wanda ya tsaya ga titi kuma zai kasa waƙoƙin ƙarni na 14. Na biyu karin arewa da na kudu: madara “llefrith” ce a arewa, “llaeth” a kudu. A riƙe kari ɗaya a baki, a koyi jin ɗayan. Cardiff tana da sashe mai ƙarfi kuma tana kusa da majalisa da ofisoshin gwamnati inda aikin fassara yake, sai dai ta fi dacewa da wanda ya riga ya iya harshen.

Sikotland

Abin da Sikotland ta fi kowa shi ne sassauci. Digirin girmamawa shekara huɗu ne, kuma a Glasgow da Edinburgh ɗalibi yakan ɗauki fannoni uku a shekarun farko kafin ya tsayar da wanda zai ƙware a kai. Wanda bai tabbata ba zai iya gwada Galikanci tare da tarihi ko ilimin harsuna, in ya ga bai karɓe shi ba ya juya ba tare da ya faro daga farko ba. A Wales da Ingila irin wannan juyi yana da wuya. Jami'o'in biyu suna da ajin 'yan koyo. Edinburgh ce take da kujerar farfesan Kelt mafi daɗewa a ƙasar, tun 1882, tana kuma da taskar muryoyi da aka fara tarawa a 1951, ta waƙoƙi da tatsuniyoyi da labaran baka; mai son adabin baka ya dubi nan da kyau. Glasgow tana da darussan wayewar Keltawa da Turanci a gefe ɗaya, da Galikanci a ɗaya gefen, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara: ana iya bin layin farko har ƙarshe a fito da digiri ba harshe.

Raunin biranen nan a fili yake. Ka fito daga aji, Turanci ne a ko'ina. Galikanci yana raye ne a tsibiran yamma, su Lewis da Harris da Uist da Barra. Abin da yake cike wannan giɓi shi ne Sabhal Mòr Ostaig, kwalejin da aka kafa a 1973 a tsibirin Skye, wadda koyarwa da harkar yau da kullum duk da Galikanci suke. Tana da kwas na nesa na 'yan koyo, An Cùrsa Inntrigidh, da shekarar nutsewa cikin harshen, An Cùrsa Comais. Wuri ne ƙarami, nesa da birni, ga ruwan sama da duhun hunturu. Wanda zai jure kaɗaici zai fito da baki mai kyau. Wanda kuma yake buƙatar masallacin Juma'a da naman halal kusa da shi ya san cewa Glasgow da Edinburgh da Cardiff sun wadata da su, ƙananan garuruwan gaɓar teku kuwa sai an bincika tun kafin a tafi.

Ayaland

Nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Ganin Airishanci shi ne harshen ƙasa na farko a tsarin mulki, kuma cikakken harshen aiki na Tarayyar Turai tun Janairun 2022, sai a ɗauka nan ne wurin koyonsa daga tushe. Amma digirin Airishancin zamani an gina shi ne don 'yan ƙasa da suka yi shekara goma sha uku ko sha huɗu suna karanta shi a makaranta, kuma tun ranar farko da Airishanci ake lacca. Baƙon da bai da komai ba zai bi ba. Abin da yake buɗe masa shi ne wayewar Keltawa da Turanci, kamar a Galway da Cork da UCD (University College Dublin), da kuma Tsohon Airishanci, wanda kowa daga farko yake fara shi, ɗan ƙasa da baƙo. Maynooth da Trinity sun yi suna a wannan.

Ga mai son tsohon adabi kuwa Dublin taska ce. Littafin Leinster na ƙarni na 12 yana Trinity, Lebor na hUidre na wajen 1100 yana Royal Irish Academy, kuma dukansu suna ɗauke da labarin Táin, yaƙin da aka yi a kan bijimi guda. Taskar adabin baka ta ƙasa tana UCD, wadda ta gaji aikin hukumar tattara adabin baka da aka kafa a 1935. Wanda ya san makaɗan fada, da yadda sarki yake kyauta don yabo yake kuma tsoron zambo, zai gane matsayin mawaƙan sarakunan Ayaland da Wales tun kafin malami ya gama bayani, domin su ma a kan yabo da zambo da riƙe salsala aikinsu ya tsaya.

Wanda ya nace sai harshen yau, ya fara koyo shekara ɗaya ko biyu kafin ya nema, ya zauna jarrabawar TEG, ta auna iya Airishanci, da Maynooth take gudanarwa don ya samu shaidar matakinsa, sannan ya fuskanci Galway, wadda take da cibiyoyi a cikin yankunan masu harshen kamar An Cheathrú Rua da Carna. Karin harshe uku ne, na Munster da Connacht da Ulster, ga kuma daidaitaccen rubutu na 1958 wanda ba ya zama daidai da bakin kowa. Garin da ka zaɓa shi zai zaɓa maka kari. A kula kuma: Queen's ta Belfast da Jami'ar Ulster suna koyar da Airishanci, amma suna Ayaland ta Arewa, cikin Birtaniya, don haka bizarsu da kuɗinsu na Birtaniya ne.

Cambridge da Faransa

Kwas ɗin Cambridge na Anglo-Saxon, Norse da Kelt karatu iri na biyu ne tsantsa. Shekara uku ne, ba a neman sanin ko ɗaya daga harsunan kafin shiga, kuma ɗalibi yana zaɓa daga Tsohon Turanci, Tsohon Norse (harshen Sikandinebiya na da), Welshanci da Airishancin tsakiyar zamani, Latin, tarihi, da ilimin karanta rubutun hannu. Horo ne mai zurfi ga wanda yake hangen digiri na uku. Ba zai sa ka iya hira a Caernarfon ba.

Ga ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci, akwai ƙofar da ba a cika tunawa da ita ba: Biretonanci a Jami'ar Rennes 2 da ta Brest. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ne, harshen bayani Faransanci, kuɗin kuma bai kama ƙafar na Birtaniya ba. A 2019 an tsayar da kuɗin lisans na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a kan yuro 2,770 a shekara, kuma jami'o'i da dama sun yi rangwame a lokacin. Matsalar ita ce mafi yawan waɗanda suka tashi da harshen tsofaffi ne, kuma bakinsu ya bambanta da na matasan da suka koya a makarantun Diwan masu koyarwa da Biretonanci, da aka fara a 1977. Dole ɗalibi ya fita ƙauyukan yamma neman masu magana.

Neman gurbi da kuɗi

Jami'o'in Birtaniya ta UCAS, cibiyar karɓar takardun neman gurbi, ake nema, zaɓi biyar. Cambridge tana rufewa 15 ga Oktoba, sauran a Janairu. A Ayaland wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yakan nema kai tsaye daga ofishin ɗaliban waje na jami'ar, a Faransa kuwa ta hukumar Campus France. Sakamakon WAEC ko NECO shi kaɗai sau da yawa ba ya isa shiga kai tsaye. Akan nemi A-level ko shekarar share fage, kuma wannan shekara da kuɗinta sai a saka su a lissafi. Ɗan koyon Welshanci da ya bi ta share fage zai iya ganin shekara biyar a gabansa, ba uku ba.

Karatun kyauta da ake ji a Sikotland na mazauna ƙasar ne, na Ayaland kuma na 'yan Tarayyar Turai da makamantansu. Baƙo a Birtaniya yakan biya sama da fam 15,000 a shekara, a manyan jami'o'i ninkin haka ko kusa, Cambridge kuma tana ƙara kuɗin kwaleji daban. Bizar ɗalibi tana buƙatar lambar CAS, shaidar samun gurbi, daga jami'a, da shaidar kuɗin da suka kwana 28 a asusu ba su ragu ba, da gwajin tarin fuka ga masu nema daga Najeriya da Ghana, da kuɗin lafiya wanda aka mayar fam 776 a shekara a 2024. Akan ƙi biza saboda kwanakin nan 28: a cire wani abu a tsakiya, kuɗin ya sauka ƙasa da adadin ko da kwana ɗaya ne, shi ke nan lissafi ya koma farko. Aiki awa 20 a mako aka yarda lokacin karatu, kuma ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Maganar aiki bayan digiri sai a faɗe ta yadda take. Guraben da suke neman harshen kansa, wato koyarwa, fassara, da tashoshin talabijin na harsunan irin su S4C da BBC Alba da TG4, a ƙasashen suke, kuma Wales ta fi yawa saboda dokar 2011 da ta ba Welshanci matsayin hukuma da shirin gwamnati na kai masu magana miliyan ɗaya nan da 2050. Wanda zai dawo gida, abin da zai amfane shi dabarun ne: tsara manufar harshe, haɗa ƙamus, tace rubutun hannu, adana adabin baka. Irin wannan ɗalibi ya fi kyau ya haɗa Kelt da ilimin harsuna ko tarihi a digirin tagwaye, ya kuma zaɓi Glasgow ko Edinburgh ko Aberystwyth, inda haɗin yake da sauƙi.

Sassan nan ƙanana ne, sau da yawa malami ɗaya ne yake riƙe da harshe guda, kuma in ya tafi hutun bincike ko ya yi ritaya darasin yakan tsaya, ko da sunansa yana nan a shafin jami'a. Kafin a biya kuɗin ajiye gurbi a rubuta wa sashen kai tsaye, ba ofishin talla ba, a tambayi abu huɗu: awa nawa ake yi a ajin harshe a mako a shekarar farko, waɗanne darussan shekara ta biyu da ta uku aka koyar a zahiri bara, ko ana iya kammala digirin ba tare da cin jarrabawar harshe ba, da kuma ko akwai zaman dole a yankin masu harshen, da wanda yake biyan kuɗinsa.